Jagorar Haɗa Markaɗen 'Ya'yan Itace a Gida: Yadda Ake Auna Sukarinsa da Kiyaye Amfaninsa

Markaɗen 'ya'yan itace abin sha ne mai kauri da ake samu idan aka zuba tsokar 'ya'yan itace a cikin blenda tare da ruwa ko madara ko kindirmo, aka markaɗa har ta yi laushi, sannan aka sha ba tare da an tace ba. Rashin tacewar nan shi ne ya raba shi da tataccen lemo, wanda ake matse ruwan kawai a zubar da abin da ya rage a rariya. Da yake blenda ta yawaita a gidaje, kuma mangwaro da kankana da gwanda sukan yi araha a lokacinsu, wannan haɗi ya samu karɓuwa ƙwarai, har mutane da dama suna ganin tun da daga itace ya fito, ana iya shan ko nawa ne ba tare da wata illa ba. Gaskiyar lamarin ita ce amfaninsa ko cutarwarsa sun rataya ne a kan abubuwa uku, wato yawan 'ya'yan itacen da aka zuba, da irin kayan zaƙin da aka ƙara a kai, da kuma yadda aka sha shi, kuma dukkan ukun suna hannun mai haɗawa.

Matsayin sukarin da ke cikin 'ya'yan itace

Zaƙin 'ya'yan itace yana fitowa ne daga sukari iri uku: gulukos, wanda shi ne ke yawo a cikin jini yana ba jiki kuzari, da furaktos, wanda hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, da kuma sukuros, wanda haɗakar biyun farko ne, kuma shi ne ainihin farin sukarin da ake samu daga rake. Ta fuskar sinadari, sukarin da ke cikin mangwaro da wanda ake sayowa a kanti abu guda ne, domin jiki yana narkar da su ta hanya ɗaya. Bambancin yana wajen abin da ke rakiyar sukarin. A cikin ɗanyen ɗan itace sukarin yana kulle ne a cikin ƙananan ƙwayoyin halitta masu bango, tare da ruwa mai yawa, da bitamin, da kuma harza, wato zare-zaren jikin tsiro da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, wadda takan rage saurin shigar sukari cikin jini, ta sa mutum ya ji ƙoshi, ta kuma sauƙaƙa bayan gida.

Saboda wannan bambanci ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idar da ta fitar a shekarar 2015, ta ware wani rukuni da ake iya kira sakakken sukari, wanda ya haɗa da duk sukarin da masana'anta ko mai girki ko mai ci ya ƙara a abinci, da wanda ke cikin zuma, da kuma wanda ke cikin tataccen ruwan 'ya'yan itace. Hukumar ta ba da shawarar kada sakakken sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, ta kuma ce rage shi zuwa ƙasa da kashi 5 ya fi amfani. Ga baligin da ke buƙatar kalori 2,000 a yini, kashi 10 yana daidai da giram 50, wato kimanin cokalin shayi 12, kashi 5 kuwa giram 25 ne, wato cokali 6, bisa lissafin cewa cokalin shayi guda yana ɗaukar kusan giram 4. Sukarin da ke cikin ɗanyen ɗan itace da aka ci da baki, da na madara wanda ake kira laktos, ba sa cikin wannan lissafi, hasali ma hukumar tana kwaɗaitar da cin aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye a kullum.

Markaɗe ya faɗo ne a tsakanin waɗannan rukunoni biyu, domin harzarsa tana nan amma bangon ƙwayoyinsa ya farfashe. Hukumomin lafiya na Birtaniya sun ɗauki matsayi mai tsauri a kan haka, inda suke lissafa sukarin ɗan itacen da aka markaɗa a cikin sakakken sukari, suna kuma ba da shawarar kada tataccen lemo da markaɗe, idan an haɗa su, su wuce mililita 150 a yini, wato ƙaramin kofi guda.

Abin da blenda ke yi wa ɗan itace

Akwai masu zaton cewa wuƙar blenda tana lalata harza baki ɗaya, alhali abin da take yi shi ne yayyanka ta ƙanana, yawanta kuwa yana nan yadda yake muddin ba a tace ba. Inda markaɗawa take kawo sauyi na haƙiƙa shi ne wajen saurin ci da jin ƙoshi. A wani bincike da aka yi a birnin Biristol na Ingila, aka buga a mujallar The Lancet a 1977, an ba mutum goma tuffa ta siga uku, ɗanya da markaɗaɗɗiya da tatacciya, sai aka ga cewa ana shanye tataccen ruwan da saurin da ya ninka na cin ɗanyar tuffa sau 11, ya kuma ninka na markaɗaɗɗiyar sau 4. Ɗanyar ta fi ƙosarwa, markaɗaɗɗiyar ta biyo baya, tatacciyar ta zo ƙarshe. Sukarin jini ya hau kusan daidai a sigogin uku, amma daga baya ya faɗi ƙasa sosai ga waɗanda suka sha tatacce, ya ɗan faɗi ga waɗanda suka sha markaɗe, abin da ba a gani ba ga waɗanda suka tauna.

Binciken baya-bayan nan ya ɗan sassauta hukuncin da ake yi wa markaɗe. Masana a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun nuna a 2017 cewa markaɗaɗɗen mangwaro bai ɗaga sukarin jini fiye da wanda aka ci da baki ba, kuma haɗin 'ya'yan itace iri-iri da aka markaɗa ya ma ɗaga shi ƙasa da yadda ɗanyunsu suka yi, ko da yake mutanen da aka gwada ba su da yawa. Tataccen lemo kuwa bai samu irin wannan sassauci ba, domin wani babban nazari na masanan Jami'ar Harvard ta Amurka da aka buga a 2013, wanda ya bibiyi mutum fiye da 180,000 na tsawon shekaru, ya gano cewa yawan cin ɗanyun 'ya'yan itace yana tafiya tare da ƙarancin kamuwa da ciwon sukari nau'i na biyu, yawan shan tataccen ruwansu kuma yana tafiya tare da ƙaruwarsa. Darasin da mai haɗawa zai ɗauka shi ne blenda ba ta ƙara ko giram ɗaya na sukari, sai dai tana sauƙaƙa wa mutum ya shanye a cikin minti biyu abin da ba zai iya cinyewa a zama guda ba, kuma a nan ne matsalar take.

Ma'aunin zaƙi a kayan haɗi

Wanda zai haɗa markaɗe yana buƙatar sanin kimanin sukarin da ke cikin kowane giram 100 na tsokar da zai zuba, tare da lura cewa adadin yakan ɗan sauya gwargwadon iri da nuna. Kankana tana da kusan giram 6, gwanda 8, gwaiba da lemun zaƙi 9, abarba da tuffa 10, ayaba 12, mangwaro 14, inabi kuwa kusan 16. Fiya ba ta kai giram 1 ba, kokwamba ba ta wuce 2 ba, karas kuma yana kusa da 5. Busasshen dabino ya sha bamban da su duka, domin bushewa ta janye ruwansa ta bar sukarin da ya haura giram 60, zuma kuma tana da kusan 80, madarar gwangwani mai kauri da aka zaƙaƙa tana haura 50. Ta ɓangaren harza, gwaiba mai kusan giram 5 da fiya mai kusan giram 7 suna kan gaba, kankana kuwa ba ta kai giram 1 ba.

Amfanin waɗannan alƙaluma yana fitowa fili idan aka kwatanta kofi biyu. A kofi na farko an zuba tsokar babban mangwaro mai nauyin giram 200, wadda ke ɗauke da sukari giram 28, da ayaba guda mai giram 14, da ƙananan dabino uku masu kusan giram 15, da babban cokali na zuma mai giram 17, sannan aka sassauta haɗin da tataccen lemun zaƙi mililita 200 mai kusan giram 17. Jimilla ta kai kusan giram 90, wato fiye da cokalin shayi 22, alhali gwangwanin lemon kwalba mai gas na mililita 330 yana da kimanin giram 35 ne, ga shi kuma ba a zuba ko ƙwayar farin sukari ba. A kofi na biyu an zuba gwanda giram 100, da rabin ayaba, da kindirmo marar sukari kimanin rabin kofi, da babban cokali na soyayyiyar gyaɗa, da ɗan ruwan sanyi. Sukarin 'ya'yan itacen a nan bai wuce giram 15 ba, sai ɗan laktos na kindirmo kusan giram 6, kuma haɗin ya isa a raba wa mutum biyu a ƙananan kofuna. Sunan abin sha guda ne, amma na farko ya ninka na biyu a sukari fiye da sau huɗu.

Matakan haɗawa

Mataki na farko shi ne aunawa kafin a taɓa blenda. Hanya mafi sauƙi ga wanda ba shi da sikeli ita ce ya yanka duk 'ya'yan itacen da yake niyyar markaɗawa ya jera su a faranti, sannan ya duba ko mutum guda zai iya cinye su a zama ɗaya ba tare da tilasta wa kansa ba, idan ba zai iya ba to sun yi wa kofi guda yawa. A ƙa'ida, giram 150 zuwa 160 na tsoka, wato kimanin cikin tafin hannu biyu, ya ishi baligi, kuma ya fi dacewa a haɗa iri guda mai zaƙi sosai, kamar mangwaro ko ayaba, da wani marar zaƙi da yawa, kamar gwanda ko kankana ko gwaiba, maimakon tara masu zaƙi uku a wuri ɗaya.

Mataki na biyu shi ne zaɓen ruwan haɗi, wanda a nan ne mafi yawan sukarin da ba a lura da shi yake shigowa. Tsabtataccen ruwan sanyi, da tafasasshiyar madarar shanu da aka bari ta huce, da kindirmo, da madarar waken suya marar sukari, duk sun dace. Tataccen lemo, da lemon kwali, da yogot na kanti mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, da madara mai kauri ta gwangwani, duk suna ɗauke da sakakken sukari, saboda haka ya kamata a kauce musu, ko kuma a karanta bayanin da ke jikin mazubinsu a ga giram nawa ke cikin kowane mililita 100.

Mataki na uku shi ne ƙara abin da zai riƙe ciki. Furotin, wato sinadarin gina jiki, da kuma mai, suna jinkirta fitar abinci daga tumbi zuwa hanji, ta haka sukari ke shiga jini sannu a hankali, ƙoshi kuma ya daɗe. Babban cokali guda na soyayyiyar gyaɗa ko riɗi, ko kwata na fiya, ko jiƙaƙƙiyar aya 'yar kaɗan, ya wadatar, sai dai a tuna cewa waɗannan suna da kalori mai yawa, don haka ba a cika hannu da su. Ana iya ƙara kokwamba ko karas ko ɗan ganyen alayyafo domin haɗin ya yi auki ba tare da zaƙinsa ya ƙaru ba, haka nan ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na garin 'ya'yan kuka, wanda aka daɗe ana kaɗawa a nono, yana kawo ɗan tsami mai daɗi da kauri, ga harza da bitamin C.

Mataki na huɗu shi ne gyara ɗanɗano ba tare da sukari ba. Ɗan itacen da ya nuna sosai yana da zaƙin da ya isa, kuma ɗanyar citta, da kirfa, da na'a-na'a, da matsin lemun tsami, suna fito da ɗanɗano ta yadda harshe ba zai nemi ƙari ba. Idan har akwai buƙatar ƙarin zaƙi, dabino guda da aka cire wa ƙwallo aka jiƙa ya fi zuma ko sukari, domin yana zuwa da harzarsa, amma shi ma a lissafa shi a cikin ma'auni. Wanda ya saba da zaƙi mai ƙarfi zai fi samun sauƙi idan ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a cikin 'yan makonni har harshensa ya saba.

Mataki na biyar shi ne markaɗawar kanta. Ana fara zuba ruwan haɗi a ƙasa, sannan kayan da ke da laushi, sannan masu tauri da ƙanƙara a sama, domin wuƙar ta samu abin juyawa tun farko, injin kuma kada ya wahala. Daƙiƙa 30 zuwa minti guda yakan isa, ana farawa da ƙaramin gudu a ƙarasa da babba, kuma barin injin yana ta juyawa yana ɗumama haɗin yana cusa masa iska ne kawai. Idan ya yi kauri da yawa a ƙara ruwa, idan ya tsinke a ƙara ɗan kindirmo ko fiya. Bawon da ake ci, kamar na tuffa da gwaiba, a bar shi bayan an wanke da kyau, amma a cire ƙwallon mangwaro da 'ya'yan gwanda da na lemu saboda tauri ko ɗaci. Babban sharaɗi a ƙarshe shi ne kada a tace, domin da zarar an bi da shi ta rariya an mayar da shi tataccen lemo. Gwaiba kaɗai ce ke da uzuri saboda taurin 'ya'yanta, ita ma ya fi kyau a kwashe tsakiyar da cokali tun kafin markaɗawa maimakon a tace haɗin gaba ɗaya.

Tsafta da ajiya

Tun da ba a ɗora wannan abin sha a wuta, duk ƙwayar cutar da ta shiga cikinsa za ta kai ga cikin mai sha, saboda haka wanke hannu da wuƙa da katakon yanka wajibi ne, kuma ana wanke ɗan itace kafin a yanka shi ko da ba za a ci bawonsa ba, domin wuƙa tana jan dattin bayan kankana zuwa cikin tsokarta. Ruwan haɗi da ƙanƙara dole su kasance daga ruwan sha mai tsabta, ɗanyar madara kuwa sai an tafasa ta, tun da tana iya ɗauke da cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Wurin da ake yawan mantawa shi ne ƙarƙashin wuƙar blenda da robar da ke kewaye da ita, inda ragowar haɗi ke maƙalewa ta yi tsami, don haka a kwance su a wanke bayan kowane amfani.

Markaɗe ya fi kyau a sha shi da zarar an gama, domin iska tana sa launinsa ya dushe zuwa ruwan ƙasa, musamman mai ayaba ko tuffa ko fiya, bitamin C ɗinsa kuma yana raguwa da daɗewa, ko da yake matsin lemun tsami yana jinkirta sauyin launin. Idan za a ajiye, a cika shi a mazubi mai murfi a sa a firiji mai sanyin da bai haura digiri 5 ba, a kuma shanye a cikin yini guda. A waje kuwa kada ya wuce awa biyu, idan zafin gari ya haura digiri 32 kada ya wuce awa guda, lamarin da ya shafi duk wanda ke zaune inda bazara ke da tsanani kuma wutar lantarki ba ta da tabbas.

Lokacin sha da waɗanda za su yi hattara

An fi son a sha markaɗe tare da abinci, a zaune, sannu a hankali, a ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na abincin. Dalili guda shi ne lafiyar haƙori, domin ƙwayoyin bakteriya da ke baki suna mayar da sukari ruwan tsami mai cin farin rufin haƙori, kuma kurɓa kaɗan-kaɗan tsawon yini yana sa haƙoran su daɗe a cikin wannan tsami. Kurkure baki da ruwa bayan sha yana taimakawa, goge haƙori kuwa a jinkirta shi kamar rabin awa. A watan azumi, inda dabino da kunu da zoɓo da kankana sukan haɗu a shimfiɗa guda, ya kamata a fara kashe ƙishirwa da ruwa, sannan a zaɓi abin sha mai zaƙi guda ɗaya kawai.

Mai ciwon sukari yana iya shan ƙaramin kofi marar ƙarin zaƙi idan ya lissafa shi a cikin abincinsa na yini, kuma awon jini kafin sha da awa biyu bayan sha zai nuna masa yadda jikinsa ke karɓar kowane haɗi, tare da bin shawarar likitansa. Mai ciwon ƙoda da aka umarta ya rage sinadarin fotashiyam ya yi hattara da ayaba da fiya da lemu da alayyafo. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba zuma saboda haɗarin wata guba da ƙwayar cuta ke haifarwa a hanjinsa. Yaran da suka iya tauna sun fi amfana da yankakken ɗan itace a faranti. A ɗaya ɓangaren, tsoho marar haƙora, da majinyacin da cin abinci ke yi wa wuya, da mai neman ƙarin nauyi, suna daga cikin waɗanda markaɗe mai kindirmo da gyaɗa zai fi yi wa amfani.

Idan aka jera hanyoyin cin 'ya'yan itace bisa fifiko, ɗanyen da aka tauna shi ne kan gaba, markaɗen da aka auna ba a tace ba kuma ba a ƙara masa zaƙi ba yana biye, tataccen lemo yana bayansa, lemon kwalba kuma yana can ƙarshe. Ƙaramin kofi guda a yini, wanda aka haɗa bisa waɗannan ƙa'idoji, yana da gurbi a abincin mai lafiya, musamman ga wanda ba domin shi ba da sai ya wuni bai ɗanɗana ɗan itace ba, da sharaɗin sauran kason yini na 'ya'yan itace da ganyaye a ci shi da baki, ƙishirwa kuma a kashe ta da ruwa.